Ledar Jini Ɗaya, Buhun Tattasai Takwas

Dukanmu na Allah ne, mai gona da mai kanti, kuma wurinSa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Aba ya koma ranar wata Alhamis da hantsi, a ƙauyensu da ke bakin kogin Komadugu tsakanin Diffa da Boso, lokacin da ruwan kogi ya fara ja da baya, an baza tattasai a kan rairayi ana shanya. Aba da Barbarci uba ne, kuma haka kowa yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Saƙo ya same ni a gidan likita na Diffa inda nake aikin jinya, ina tsakiyar wanke wa wata mata ciwo. Na gama, na ɗaure mata, sannan na nemi mota. Kafin in isa an riga an kai shi.

Mutane sun cika ƙofar gida. Filanin Tumur, waɗanda yake bari su sa shanu a gonarsa bayan an cire amfani, sun zauna gefe guda da sandunansu. 'Yan kasuwar tattasai sun zo daga Diffa da Damasak, suna ta maimaita cewa buhun Aba ne kaɗai ba a zura wa hannu a duba ƙasansa. Wani masunci daga Yebi ya yi ta kuka har aka ja shi bayan rumbu, kuma har yau ban san abin da ya haɗa su ba.

Da na shiga cikin gida, mata suka tashi suka ba ni hanya. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a ƙofar ɗakinsa, wurin da uwar mamaci take zama. Matarsa, wadda ta girmi uwata, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar yadda take yi duk lokacin da ta gan ni, don ni surukarta ce, ba ta haɗa ido da ni. Tsofaffi suka riƙa durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna cewa, “Iya, ya haƙuri? Iya, Allah ya jiƙan ɗanki.” Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, shi kuwa ya haura saba'in. Wata baƙuwa daga Gelbeli ta tambaya ina uwar mamacin, aka nuna mata ni, dariya ta kufce mata, sannan kunya ta kama ta har ta kasa gaishe ni. Ban ga laifinta ba.

Kowa ya ce ya yafe wa Aba, kamar yadda ake faɗa a wurin makoki. Ni kaɗai ban buɗe baki ba. Kwana uku kafin rasuwarsa ya roƙe ni gafara da bakinsa, ban ba shi amsa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don kada a manta da shi, kuma don in faɗi abin da ya shiga tsakaninmu tun ina tuna shi daidai.

Mu mutanen Damagaram ne. Babana ya zo Diffa yana saurayi ya buɗe kanti kusa da kasuwa, yana sayar da buhuna da igiya da shayi da sukari. Duk Talata, ranar kasuwa, Aba yakan zo sayen buhu. Dogo ne siriri, hularsa kullum a karkace, tafin hannunsa ja ne wur saboda tattasai har sabulu ya gaji da shi. Hausarsa ta kasuwa ce, “kai” yake ce wa kowa, mace ko namiji, kuma ba ya jin gyara. Yakan ɗaga buhu ya duba shi a hasken rana, ya shinshina, ya ajiye, ya ɗauki wani, sai ya ɓata wa babana rabin safiya sannan ya sayi na farkon.

Yana da magana ɗaya da yake amsa kome da ita: “Sai mun ga ruwa.” Komadugu kogi ne mai zuwa da tafiya, wata shekara ya zo da wuri, wata shekara ya bar mutane suna kallon yashi, shi ya sa Aba ba ya yanke kome kafin ya gan shi. In aka ce a sa ranar suna, ko a sayi jaki, ko a gyara katangar masallaci, amsar ɗaya ce. Ko da injin ban ruwa ya shigo kowa ya watsar da jigo, itacen nan mai igiya da guga da ake ɗibar ruwan kogi da shi, shi ya sayi injin amma ya bar jigonsa a tsaye, yana canja masa igiya duk shekara. Ya ce injin baƙo ne, ranar da fetur ya yanke daga Najeriya zai san wanda yake nasa.

Babban ɗansa ne yake gyaran injinan ban ruwa a wata rumfa da ke kallon kantinmu. Ba zan tsaya bayanin yadda aka yi ba. Na dai san cewa nakan ƙirƙiri dalilin kai wa babana abinci sau biyu a rana, shi kuma ƙarfen kwance kusoshinsa yakan ɓace ya zo aro, ko da yake babana bai taɓa sayar da irinsa ba. Manyansa suka zo gaisuwa, aka kawo goro da akwati. Da aka zo maganar sa rana, Aba ya ce sai mun ga ruwa. Ruwa ya zo ya tafi, ya sake zuwa ya tafi. Na san dalili: 'yar kanti ce ni, 'yar lakwal mai karatun boko, ban san dashe ba, ban iya Barbarci ba sai gaisuwa. Bai ƙi ni ba, amma bai ga inda zai ajiye ni a gidansa ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ni mutum ce mai son a so ni.

Ina shekara ta biyu a makarantar jinya a Damagaram, ina zaune gidan gwaggona, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da casa'in, ciwo ya kama Aba. Ya fara da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya daina cin abinci, ya rame. An sha saiwoyi, an yi rubutu, an yi ƙaho. A Diffa aka ce a wuce gaba, suka zo Damagaram a bayan motar kaya. Aka duba aka ce ciwon daji ne a hanta, amma ya tsaya gefe guda, kuma an yi sa'a akwai wani baƙon likita mai fiɗa da zai iya yanke wajen. Likitan bai ɓoye mana kome ba. Ya ce aikin mai zubar da jini ne, ba zai taɓa wuƙa ba sai ya ga jini a ajiye, kuma ko an yi nasara ba zai yi mana alkawarin damina biyu ba.

Nan matsala ta taso. Jinin Aba irin wanda ake kira O negatif ne, wanda ba ya karɓar kowane iri sai nasa. Asibitin ya haɗa abin da yake da shi, saura leda ɗaya. Aka gwada ɗansa, aka gwada ƙannensa biyu da matarsa da duk wani Babarbare da aka iya samowa a tasha, babu wanda ya dace. Ni kuwa na san nawa tun a aji, ranar da muka soki yatsun juna, malaminmu ya dubi gilashina ya ce, “Ke, ki riƙa tahiya sannu bisa hanya, irin naki ba a samunshi a kasuwa.” Na tafi ɗakin gwaji na miƙa hannu. Ba a ɗauki rabin sa'a ba.

Da na fito, ɗansa yana jirana a gindin wata bishiyar bedi. Ya dubi audugar da ke hannuna ya daɗe, sannan ya ce, “Na gode. Amma kada ki gaya mishi. Bari shi ɗauka na lopital ne, cikin wanda likitoci suka ajiye.”

Na ce, “Don me?”

Ya ce, “Ba ki san Aba ba. Ki bari kawai.”

Na ɗauka kunya ce irin ta maza. Aka yi aiki, aka yi nasara. Ranar kwana shida na kai masa kunu, na tarar da shi a zaune ya jingina da bango, ya ce mini sannu 'yar kanti. Kalmar nan ce ta tunzura ni. Na so ya san 'yar kantin ta yi abin da duk danginsa suka kasa, na so ya daina sa ni jiran ruwa. Na ce, “Aba, ka san jinin wa aka ƙara maka?”

Ya ajiye kofin. Na faɗa masa. Ya ce, “Jininka ne cikina yanzu?” Na ce nawa ne. Sai ya fara ƙoƙarin saukowa daga gado, da ɗinki da roba a cikinsa, wai zai durƙusa, sai da muka danne shi ni da matarsa. Hawaye ya bi masa fuska. Na koma gida da murna na ce wa gwaggona ta fara neman lalle.

Bayan wata biyu, na zo hutu Diffa, ranar Talata, Aba ya zo gidanmu da kansa yana dogara sanda. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a gabana a gaban babana, ya ce, “Iya, ina kwana.” Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya wajen babana ya yi masa bayani a natse. Ya ce macen da ta shayar da jariri daga jikinta ta zama uwarsa, 'ya'yansa kuma jikokinta ne, babu aure tsakaninsu har abada. Ya ce shi ya mutu a kan teburin likita, aka dawo da shi sabo kamar jariri, kuma abin da ya fara shiga cikinsa daga jikina ya fito. Don haka ni uwarsa ce, ɗansa jikana ne, a mayar da goro da akwati.

Babana ya kai shi wurin malamai uku, har da limamin ƙauyensu. Duka suka ce masa nono ne kaɗai yake haramta aure, shi ma sai ga jariri, jini ba ya cikin wannan hukunci. Aba ya saurare su da ladabi, ya gode, ya ce malam karantawa ya yi, shi kuwa shi aka yanka. Ni ma na zo masa da nawa karatun. Na ce jinin da aka ƙara wa mutum ba ya zama, cikin 'yan watanni jiki yake canja shi, yanzu haka saura kaɗan nawa ya ƙare a jikinsa. Ya ce, “Nonon da na sha na uwata ta fari, yana nan cikina? Ya ƙare tun ban yi haƙori ba. To ta daina zama uwata?” Na tsane shi saboda ya kayar da ni.

Ba mugunta ba ce, wannan na sani tun a lokacin. Tsoro ne. Mutumin da ya leƙa kabari ya dawo, yana tsoron ya koma ya tarar da tambayar da ba shi da amsarta. Ɗansa ya roƙa, ya yi fushi, ya daina cin abincin gidan, bai girgiza shi ba. Ɗan ba zai yi aure ba sai da albarkar uba, babana kuma ya ce ba zai kai 'yarsa gidan da maigidan zai riƙa kallon jikokinsa a matsayin 'ya'yan haram ba. Aka mayar da akwati. Kafin ruwa ya sake zuwa, ɗan ya rufe rumfarsa ya hau motar Libiya ta hanyar Gigimi. Ya zo ya yi mini sallama a ƙofar kanti, bai ce na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Daga wannan shekara, buhun farko na tattasan Aba nawa ne, kamar yadda ɗa yake kai wa uwarsa kan amfani. Da hannunsa yake zaɓa, manya-manya marasa tabo, ya ɗinke bakin buhun da jan zare, ya kawo ranar Talata ya durƙusa ya ce, “Iya, ga na miya.” Ni kuma yana juya baya sai in kira maƙwabta in rabar, har buhun da zaren. Shekara bakwai ban sa ƙwaya ɗaya a tukunyata ba. In ina son tattasai, kasuwa nake zuwa in saya, wataƙila ma nasa ne ban sani ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa baki da baki. Wasiƙa ta zo daga Libiya, ya kawo mini in karanta masa. Na karanta: lafiya lau, aiki ya samu, ya yi aure. Aba ya ga fuskata, ya so ya sa ni dariya, sai ya yi irin wasan da ake yi tsakanin kaka da jika, ya ce, “Iya, mijinka ya gudu ya bar ka.” Na tashi tsaye a gaban mutane na ce masa da na san haka zai yi da jinina, da na bar shi a kan gadon nan. Na faɗa da ƙarfi, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Bai ɗaga kai ba. Ya naɗe wasiƙar ya sa a hula, ya ce uwa tana da ikon faɗa, ya tafi. Da kaka ta yi, buhu ya zo.

Na yi aure daga baya, bai daɗe ba, kuma ba zancensa nake yi ba. Da na dawo gidanmu gari ya ɗauka, har wani babban ɗan kasuwa ya yi mini habaici a kasuwar tattasai, wai macen da ta haifi tsoho ina za ta iya zaman miji. Aba yana wurin, an riga an sauke buhunansa a gaban mutumin. Ya sa aka mayar da su kan amalanke ɗaya bayan ɗaya, ya koma da su ƙauye a cikin rana, kuma bai ƙara sayar wa mutumin nan ko mudu ba. Ba shi ya faɗa mini ba, wajen masu dako na ji.

Bayan wannan ne na fara zuwa duba shi duk wata, da sunan aiki. In auna jininsa, in danna cikinsa, in duba idonsa, sannan mu zauna a gindin jigo muna kallon kogi. Ba ma hira sosai. Shi ɗansa ya tafi, ni ma shi ne ya tafi ya bar ni, kuma duk faɗin kwarin nan babu wanda ya san nauyin abin sai mu biyu da muka jawo shi. Wani lokaci yakan tambaya ko Libiya tana da kogi, in ce ban sani ba.

Damina biyun da likita ya ƙi yi mana alkawari suka wuce, ta uku ta wuce, har ta takwas. Mutanen ƙauye suka ce jinin Damagaram ne mai taurin kai ya riƙe shi. Na taɓa tambayar wani likita da muke aiki tare ko irin jinin mutum yana da hannu a daɗewarsa bayan wannan aiki, ya ce tambaya ce mai kyau amma shi bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Na dai ga waɗanda aka yi wa irin aikinsa ba su kai kaka ba, shi kuwa ya dasa tattasai sau takwas.

A ta takwas ɗin ciwon ya dawo. Aka kawo shi wurinmu cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce babu sauran aiki, amma ƙarin jini zai iya ba shi wasu makonni, ko ɗansa zai samu ya iso. Da safe na naɗe hannun rigata na je na faɗa masa, wannan karon tun kafin a ɗiba. Ya kama hannuna ya sauke rigar.

Ya ce, “A'a, Iya. Na fari na karɓa ban san abin da zai ci maka ba. Yanzu na sani.”

Na ce babu sauran abin da zai ci, an riga an cinye.

Ya ce, “Shekara takwas ina juya maganan nan. In ni ke da gaskiya, na tsare ku daga wuta. In malamai ke da gaskiya, na ɓata maka rayuwa a banza, na kori ɗana a banza. Ban sani ba. Kwanan nan zan sani, amma ba zan iya dawowa in gaya maka ba. Ka yafe mini.”

Shekara takwas ina jiran wannan magana, kuma ga ta ta zo. Na ji haushin ya taso sabo kamar ranar da aka fitar da akwati. Na ce masa ya sha ruwa. Na ba shi, na goge masa baki, aka kira ni wajen wata mai naƙuda, na tafi, ina cewa a raina gobe ma rana ce. Da na dawo da la'asar gadon babu kowa. Ya ce a mayar da shi gida ya ga shanyarsa.

Ranar sadakar uku ɗansa ya kira. Wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, sai an hau tudu ake samun layi. Ƙanen Aba ya miƙo mini ita a kan tudun. Muryar ta tsufa. Ya ce, “Ya haƙuri?” Na ce da godiya. Daga nan layin ya yanke, na miƙa wayar na sauko.

Talatar da ta biyo bayan sadakar bakwai, ina gida, amalanke ta tsaya a ƙofa. Ƙanen Aba ne da buhu. Ya ce ranar da aka mayar da shi gida, Aba ya sa an kai shi wurin shanya a kan tabarma, ya zauna yana zaɓa ɗaya-ɗaya har rana ta yi sanyi, ya ce na Iya ne, kada a haɗa da na kasuwa. Na dubi bakin buhun. Jan zaren ne, amma ɗinkin ya karkace, wani wuri ya tsallake, bai kai ƙarshe ba, wani hannu ne ya ƙarasa da baƙin zare.

Maƙwabta sun ga amalanke, sun fara aiko kwanuka kamar yadda suka saba. Na ce a mayar, bana babu rabo. Na warware zaren a hankali na naɗe shi na ajiye. Na ɗebi tafi biyu na daka da kaina, na yi miya, na zauna ni kaɗai a tsakar gida na ci. Na ce, Aba, na yafe maka, kai ma ka yafe mini, amma babu wanda ya ji sai kaji. Allah ya isar masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa amsar da ya tarar ta zo masa da sauƙi ko wacce ce.

Ƙanwata ta shigo ta same ni ina share fuska, ta ce yajin ya yi yawa ne? Na ce e. Ita ma 'yar Diffa ce, ta san tattasan Komadugu ba ya sa hawaye.